Kukan Birkin Lallaɓau

Duk wanda ya taɓa zama a layin da ke ƙasan gangare ya san kukan birkin Lallaɓau, ko yana so ko ba ya so. Da yamma, in rana ta yi sanyi, sai a ji shi ya taso tun daga can sama, wani siririn ƙiii mai shiga haƙora, ya biyo hanya bai yanke ba har ƙofar gidan ƙarshe. Mai shagon kan kwana yakan toshe kunne ɗaya ya ce, "To, ga jirginmu nan ya sauka." Mata masu goyo su yi tsaki. Shi kuwa gogan naka yana bisa sirdi, ƙirji a miƙe, hula a karkace, ko a jikinsa.

Dakon ƙwai ne sana'arsa. Yakan ɗauko daga gonar kaji da ke bayan gari ya rarraba wa masu shaguna da masu shayi, kuma tun yana saurayi aikin ke nan. A kansa ya fara ɗauka, kiret bisa kiret, yana tafe kamar mai tausayin ƙasa. Da ya sami keke sai ya sa aka ƙera masa kariya mai faɗi, wato mazaunin kaya na bayan keke, ya shimfiɗa mata tsohon bargo, ya riƙa ɗaure kayan da igiyar roba. Tun daga nan bai sauka ba. Abokan sana'arsa duk sun koma babur suna yi masa dariya, shi kuma amsarsa ɗaya ce: ƙwai ba ya son gaggawa, wanda ke musu ya je ya leƙa kwandon sharar masu babur. Da wannan keken ya ciyar da gida, da shi ya kai yara makaranta ɗaya a gaba ɗaya a baya, har suka girma suka watse. Babban ɗan yana aiki a wani gari, kuma duk wayar da zai bugo sai ya ce Baba ya ajiye keken nan ya huta haka nan. Lallaɓau yakan ce masa ya ji, washegari ya ɗaure kayansa.

Sunan ma a wajen birki ya samo shi. Mai ɗauke da ƙwai ba ya damƙe birki lokaci guda, lallaɓa shi yake yi. Tun daga saman gangare yakan ɗora yatsu biyu a hannun birkin baya ya riƙa matsawa a hankali, robar tana gogar rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ba ta saki ba kuma ba ta kama gaba ɗaya ba, har ya iso ƙasa. Irin wannan riƙon shi ke sa roba ta taurare ta yi santsi kamar tsohon sabulu, in ta taurare kuwa sai ta fara kuka. A da, in kukan ya ishe shi ko ya ga ta cinye, yakan je ya canza ba tare da wani tunani ba. Wannan ta ƙarshen ce ya ƙi rabuwa da ita, kuma dalilin yana cikin gida.

Matarsa tela ce, 'yar tela, kuma Tela yake kiranta tun kafin su yi aure. A shagon mahaifinta ya fara ganinta, ranar da sarƙar keke ta cinye masa ƙafar wando. Ita ta karɓa ta ɗinke, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ba a jima ba sai ga shi da wani wandon, shi ma sarƙa ta ci. Da abin ya yi yawa, tsohon ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Samari, wannan sarƙar taka ko dai ba ka ba ta abinci ne?" Daga nan magana ta koma hannun manya.

Mace ce mai ido, kuma ta san tana da shi. Daga tsallaken titi takan hango ɗinkin da ya karkace a rigar mai wucewa, ta ce wane mara imani ne ya yi wa bawan Allah wannan ta'asa. Zare kuwa tana hira take zura shi a allura. Ba ta da fariya a kan komai sai wannan, amma a kan wannan ɗin ba ta raga wa kowa.

Shi ya sa da idon ya fara dushewa ba ta gaya wa kowa ba. Da farko ta ce zaren yanzu ne ba shi da kyau, tsefewa yake yi. Sannan ta ce ƙwan fitilar ɗakin ne ba shi da haske. Daga baya ta lulluɓe keken ɗinkin da zane ta ce bayanta ke ciwo. Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aure nan kusa, ta taɓa ɗauko maganar asibitin ido, uwar ta ce mata ta fara kai nata idon a duba, tunda da shi ta zaɓo miji mai kunnuwa kamar faranti. Aka yi dariya, maganar ta mutu. Da Lallaɓau ya gwada tasa dabarar, ya ce ya ji ana yabon wani likita, Tela ta wuni ba ta sa komai a bakinta ba. Bai sake ba.

Bai san inda abin ya kai ba sai ranar da tayarsa ta yi faci. Ya bar keken wajen mai gyara ya tako gida da ƙafa, ba kuka ba sanarwa. Ƙofar falo a buɗe take. Yana ɗaga labule sai ya ga Tela tsaye a tsakiyar ɗaki, hannu ɗaya a miƙe yana neman bango, ƙafa tana laluben ƙasa, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba. Butar shayi tana nan gabanta a kan tebur, ita kuma tana nemanta a wani gefen. Fuskarta ce ta fi tsaya masa a rai, fuskar wanda ya tabbata babu mai kallonsa, tsoro duk a fili. Ya saki labulen a hankali, ya koma da baya har bakin titi, ya tsaya sai da ƙirjinsa ya lafa. Sannan ya yi gyaran murya da ƙarfi, ya tare wani maƙwabci da doguwar gaisuwar da ba ta da dalili, ya shigo. Ya same ta zaune a kujerarta tana fuskantar ƙofa, ɗankwali daidai.

"Sannu da zuwa, Malam. Yau ina keken? Kuma dubi hularka, kullum a karkace."

A nan ya gane komai. Kukan nan da unguwa ke tsine wa, shi ne agogonta. In ta ji ya taso daga sama, ta san tana da lokacin da za ta lallaɓa ta kai kujera, ta gyara ɗauri, ta juyo da fuska wajen ƙofa, ta tarbe shi kamar mai gani. Maganar hula kuwa ba za ta taɓa yin kuskure ba, don tunda yake bai taɓa sa hula daidai ba.

Mai hankali zai ce ai sai ya zaunar da ita su yi magana. Haka ne, kuma masu irin wannan hankalin ba sa ƙarewa a bakin titi. Amma mutumin da ya tsufa yana ɗaukar abin da ke fashewa bai iya damƙa ba. Lallaɓau ya zaɓi ya bar mata ɗan abin da ya rage mata. Ya ci gaba da sauko mata da kukansa kowace yamma, har yana ƙara jan sa in ya ga kamar ya yi sauri. Robar ta cinye, tsagogin jikinta suka shafe, ta zama siririya kamar yankan albasa, ya ƙi canzawa. Ya san halin sabuwar roba, shiru take yi, sai ta daɗe tana aiki kafin ta koyi kuka. Shirun nan kuwa shi ne abin da ba zai iya kaiwa gida ba.

Damina ta zo ta same shi a haka. Wata yamma an ɗan yi yayyafi, ya kama birki a saman gangare kamar kullum, maimakon ƙiii sai ya ji ƙarrr, ƙarfe a kan ƙarfe. Keken ko rage gudu bai yi ba. Ya matsa na gaba, ashe shi ma ya daɗe da mutuwa. Sai ya sauke ƙafafu biyu yana jan takalmi a kan kwalta, yana salati, kaya suna rawa a bayansa, har Allah ya haɗa shi da tarin yashin da wasu magina suka zube a gefen hanya. Nan tayar gaba ta nutse. Bai faɗi ba, amma kiret ɗin sama ya tafi, dunduniyar takalminsa ɗaya kuma ta rage a hanya. Daga baya ya goge rigarsa da tsumma, ya turo keken zuwa gida yana matsa birkin da gangan don ya yi ƙara. Tela ta tarbe shi da maganar hula, muryarta a ɗan dishe.

Washegari tun bai gama shiri ba sai ga Auta, mayafi a kafaɗa, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta durƙusa gaban keken ta leƙa, ta sa farce ta taɓa inda ya kamata a ce akwai roba.

"Baba, wannan fa ba birki ba ne, addu'a ce kawai."

"Wa ya aiko ki da sassafen nan?"

"An gaya min. Yau za ka canza, ko in buga wa Yaya waya ya zo ya ɗauke keken nan gaba ɗaya. Ka san shi, dama hanya yake nema."

"Mai shagon nan dai bakinsa ba ya rufuwa," in ji Lallaɓau.

Auta ta miƙe ta karkaɗe gwiwa ta shige wajen uwarta. Shi kuma ya san 'yarsa, in ta ce za ta buga waya to ta riga ta nemo lambar. Ya tura keken ya nufi wajen gyara, ransa a jagule.

Rumfar Mai Faci tana gindin wata bishiya kusa da kasuwa. 'Yan kwanuka ne a kan sanduna, tsofaffin tayoyi rataye a reshe, ga daron ruwan da yake nemo hujin taya a ciki, ga benci da ya sha baƙin mai har yana sheƙi. Shi da Lallaɓau tare suka tsufa, ɗaya yana lalatawa ɗaya yana gyarawa, kuma ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"A'a, yau mawaƙin unguwa ne da kansa? Ince dai ba muryar ce ta dishe ba?"

"Duba min birki ka rage surutu."

Mai Faci ya kifa keken a kan sirdi, ya juya taya ya leƙa, sai dariyar ta tsaya. Ya sa sifana ya kwance noti, ya ciro abin da ya saura ya ɗora a tafin hannunsa. Ɗan ƙarfe ne da ɓurɓushin baƙi a gefe.

"Kai da wannan kake sauka gangaren can? Da ƙwai a baya? Lallaɓau, in ka gaji da duniya ai sai ka faɗa, a yi maka sallama ta mutunci."

Ya jawo wani tsohon gwangwanin fenti ya juye a kan benci. Robobin birki ne iri-iri, gajeru da dogaye. Ya ture dogayen gefe, ya ce waɗannan na kekunan yanzu ne, ba za su zauna a wannan tsohon ba ko an yi musu wa'azi. Ya ware wasu ya jefa a shara, ya ce sun daɗe a ajiye sun bushe. Aka bar iri biyu, baƙa da ja. Ya miƙa masa baƙar.

"Sa farcenka a nan."

Lallaɓau ya danna. Farcen bai shiga ba.

"Ka gani? Wannan dutse ce. Za ta daɗe maka har ka manta ranar da ka saka, amma in ruwa ya taɓa rim sai ta yi shawara kafin ta kama. Ga kuka tun ranar farko, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Yanzu taɓa wannan."

Farcen ya nutse a jikin jar, ya bar ɗan shaida.

"Wannan taushi gare ta. Tana cinyewa da wuri, ban ɓoye maka ba. Amma ko cikin ruwa ka taɓa ta za ta amsa. Ga shiru, ko ɓarawo sai ya yi sha'awarta. Ita ce taka, mai gangare da ƙwai."

"Ba ni baƙar."

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Wadda ta fi kuka nake so. In akwai wadda ta fi wannan, fito min da ita."

Mai Faci ya ajiye sifana ya riƙe haɓa. "Tunda na kafa rumfar nan mutane ke zuwa in kashe musu kuka. Yau ga wanda ya zo saye."

Lallaɓau bai kula shi ba. Ya tsuguna ya riƙa ɗaukar baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yana goga su a ƙafar ƙarfen benci, kunne a kusa, yana ware masu ƙara. Wani da ya zo shan iskar taya ya tsaya kallo har ya manta abin da ya kawo shi. Sai da mutumin ya tafi Mai Faci ya matso, ya rage murya.

"Kai, gaya min gaskiya. Mene ne?"

Lallaɓau ya daɗe yana juya robar a hannunsa. "Akwai mai jira na a gida," ya ce. "Da kunne take jira."

Mai Faci ya dube shi, ya dubi aljihun tasa rigar, wadda Tela ce ta ɗinka masa shekarun baya kuma har yau zare ɗaya bai saki ba. Bai nemi ƙarin bayani ba. Can sai ya ce, "To in sa maka ƙararrawa mana. Ina da mai kyau."

"Mutumin da bai taɓa kaɗa ƙararrawa a ƙofar gidansa ba, in ya fara yau ai ya faɗi maganar ke nan. Ba yarinya ba ce."

"Haka ne." Ya sosa ƙeya. "To ga yadda za a yi. Ja a gaba, don ranka. Baƙa a baya, don waƙarka. Ba da na baya kake sauka ba? In ta yi maka gardama cikin ruwa sai ka taɓa na gaba a hankali. Amma in ka ce baƙa gaba da baya, ɗauki kekenka ka kai wa wani, ni dai ba da hannuna ba."

Lallaɓau ya yarda, har ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya zauna a benci, hira ta ɓarke. Mai Faci ya kama aiki yana ba shi labarin wani mai babur da ya shiga kasuwa da kiret goma sha, ya fito da miya a wando. Yana magana yana goge rim da tsumma, ya bi shi da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, har tsohuwar dauɗar da ta daskare ta tashi, ƙarfen ya fito fes. Da ya zo ɗaure robar sai ya yagi ɗan kwali ya cusa ƙarƙashin wutsiyarta, ya matse noti, ya zare kwalin. Wannan ita ce dabarar kashe kuka, kowane mai gyara ya san ta: in rim yana da tsabta, kuma hancin roba ya riga wutsiyarta taɓa shi, to ba ta da bakin kuka. Hannun Mai Faci ya yi wannan aikin har ya daina neman izinin mai shi. Bakinsa yana ba da labari, hannunsa yana kashe kukan da aka zo saye, shi kuma mai sayen yana ta ƙyaƙyata dariya bai lura ba.

Da aka gama Lallaɓau ya hau ya ɗan zagaya gaban rumfar ya matsa birkin baya. Keken ya tsaya cak, ba ko ƙis.

"Ba ta yi ba fa."

"A fili kake, kuma ba kaya. Bari ka ɗora ƙwai ka kama gangare, sai ka roƙe ta ta yi shiru."

Haka ya wuni yana rabon kaya, yana taɓa birkin a kowace kwana yana saurare, yana ba kansa haƙuri da maganar Mai Faci. Da yamma ya iso saman gangare da ƙwan da zai kai wa masu shayin safe. Ya ɗan tsaya ya gyara zama, ya ɗora yatsunsa biyu inda suka saba, ya saki keken.

Shiru. Sai shuuu ɗin taya a kan kwalta. Ya ƙara matsawa, keken ya rage gudu cikin ladabi kamar sabo. Ya saki ya sake kamawa, ya kama da ƙarfi, ya kama a hankali, babu abin da ya fito. Mai shagon kan kwana yana auna wa wata sukari, ko ɗago kai bai yi ba. Bai taɓa jin layin nan haka ba, ana jin rediyon wani gida, ana jin cokali yana kaɗa kofi. Birki bai taɓa yi masa biyayya irin ta yau ba, kuma bai taɓa jin tsoro a gangaren nan irin na yau ba, har da jiya. A ransa yana ta zagin Mai Faci da kakannin sifanarsa.

Ya iso ƙofar gida ya sauke ƙafa. Ya duba hagu da dama ko zai sami wanda zai ja da gaisuwa, layin ba kowa. Ya tsaya riƙe da keken kamar baƙo. Abin da ya zo masa shi ne ya koma sama, ya shafa wa rim ɗin ƙasa ko toka, ya sake saukowa ko Allah zai sa ta yi ko ɗan tari. Ya juya kan keken ya fara turawa.

"Ina kuma za ka koma?"

Ya waiwayo. Tela ce tsaye a bakin ƙofa, ba a kujera ba. Hannunta ɗaya yana riƙe da katakon ƙofar gam, ɗankwalinta ya ɗan zame, idanunta suna kallon wani wuri kusa da kafaɗarsa. Ba ta yi ƙoƙarin gyara komai ba.

"Tana kamawa?" ta ce.

"Wa?"

"Sabuwar robar. Tana kamawa?"

"Tana kamawa."

"Alhamdu lillahi." Ta sauke ajiyar zuciya. "Kar ka ɗauki alhakin mai shago, ni na aiki Auta. Na daɗe ina jin muryar tana canzawa. Jiya kuwa na ji ƙarfe, na ji takalminka yana jan kwalta, sannan na ji shiru. Malam, cikin shirun nan na tashi zan fito, na rasa ƙofa. Ina ta laluben bango. Kana can ban sani ba ko kana da rai, ni kuma ƙofar ɗakina ta gagare ni."

Muryarta ta karye a nan. Lallaɓau ya jingine keken a bango, bai ko duba ko kayan sun zauna daidai ba. Tausayinta ya kama shi, kunya ma ta kama shi, don ya ga abin da lallaɓawarsa ta jawo mata. A ƙarƙashin duka kuma akwai wani sauƙi da ya daɗe bai ji irinsa ba.

"Tela, ni fa na..."

"Na sani. Ka gan ni ranar da ka dawo da ƙafa. Na ji labule ya motsa, na ji warin man keke. Kuma yaushe ka fara doguwar gaisuwa da mutumin da ba kwa ko shiri?"

Sai ya ce, "Mai kuka na saya fa. Da kunnena na zaɓe ta. Mai Faci ne ya cuce ni."

Ta yi dariya, hawaye yana bin kumatunta. "Allah ya yi masa albarka. Ka sauko min shiru ka same ni ina laluben bango, ya fi min." Ta share fuska da gefen zane. "Gobe kar ka ɗauki ƙwai. Ni za ka ɗauka. Asibitin nan da kuka dame ni da shi, kai da 'yarka."

"A kariya?"

"Da bargon. In ka iya kai ƙwai lafiya, ai ka iya kai ni."

Ta saki katakon ƙofar ta miƙo hannu. Ba daidai inda yake ta miƙo ba, ta ɗan kauce hagu. Bai kamo hannun ya gyara mata ba, shi ya matsa ya tsaya inda hannun yake. Yatsunta suka sami ƙirjinsa, suka hau kafaɗa, suka bi gefen fuskarsa har suka taɓa hular. Ta shafa ta gaba da baya.

"Ashe da gaske a karkace take," ta ce.

Ta sa hannu biyu ta daidaita masa ita, yadda take daidaita wuyan riga kafin ta miƙa wa mai shi. Ya bar ta yadda ta sa, ya riƙe hannunta suka shiga ciki.